Motar da Mahamane Ya Saya wa Surukarsa

Duk wanda zai yabi Mahamane, don Allah ya bari sai na tashi daga wurin. A nan Greensboro ta Amurka kaf, daga ƙofar masallaci har shagon da muke sayen gero da busasshiyar kuɓewa, ba abin da kunne ke ji sai "Mahamane mai kunya, Mahamane mai ladabi, wa ya taɓa ganin suruki irin Mahamane." Ni Assibi na san shi tun muna yawo ba takalmi a Birni, can Damagaram. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, taubashina ne. Saboda haka abin da mutane ke jin nauyin faɗa ni zan faɗe shi, ko a gaban idonsa ne.

Tun yana ƙarami bakinsa bai iya cewa a'a ba. Tela ya taɓa ɗinka masa rigar Sallah hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, haka ya saka ta ya zaga gari, wai kada ran tela ya ɓaci. Wanzami ya yanke shi a kunne, jini na zuba, shi ne mai ba da haƙuri. Manya suka riƙa cewa yaron nan Allah Ya yi masa hali. Ni kuwa tun lokacin nake ce masa, "Kai dai wata rana sai an sayar da kai kana riƙe wa mai saye jaka." Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Ya shigo Amurka ƙarshen shekarun casa'in, ya sha wahala a New York yana tallar agogo da hula a bakin titi. Wanda ya tsamo shi daga can shi ne Malam Zabeirou, dattijon makanike da ya taɓa riƙe garaji a Damagaram kafin ya dawo nan. Shi ya kira shi Greensboro, ya shimfiɗa masa katifa a falonsa a Glenwood, ya sama masa aikin lodi a wani sito kusa da filin jirgi, ya koya masa tuƙi. Da aka tashi nema wa Mahamane auren Ibtissam, shi ya yi ta buga waya gida har aka ɗaura. Ba zan ci zalinsa ba, Malam Zabeirou ya iya mota. Ka kai masa Toyota tana tari, kafin shayi ya huce ya gano ciwonta. Aibinsa ɗaya ne, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "wannan ban san shi ba."

Da Ibtissam ta iso, suka kama hayar wani ɗan gida a hanyar Summerfield, ɗakuna biyu da bayi ɗaya, amma filin baya ya isa a yi ƙwallo, ga dawakin maƙwabci suna leƙe ta shinge. Mahamane na aikin sito cikin mako, Asabar da Lahadi yana yankan ciyawa a gidajen masu hali na Sedgefield. Sun daɗe Allah bai ba su haihuwa ba. Da cikin ya samu a 2004, kowa ya san da a gida ne da an mai da Ibtissam wajen uwarta ta haihu, ta yi wankan jego har arba'in. Tun da hakan ba zai yiwu ba, sai aka nema wa uwar biza. Hajiya Aïchatou ta ce za ta zo, amma da sharaɗi: ba za ta kwana rufi ɗaya da surukinta ba, ba za ta shiga bayin da yake shiga ba, ba za ta taɓa tukunya a kicin ɗin da zai iya faɗowa yana ganinta tana ɗanɗana miya ba. Wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan ba fitina ba ce, haka aka rene ta.

Na ce ta zauna wurina a Glenwood, inda nake kitso. Aka ce ya yi nisa, wankan safe da yamma ne, wa zai riƙa jigilarta? Sai Mahamane ya zo da dabara. Wasu tsofaffi da yake yi wa yankan ciyawa suna da irin motar nan ta yawon shaƙatawa, mai gado da murhun gas da bayi a ciki, ta shekara da shekaru a ajiye. Ya saye ta, aka jawo ta aka kafa a bayan gida. Wallahi har ni na yaba. Na ce, "Yau dai ƙwaƙwalwarka ta yi aikin yini guda, a yanka kaza." Hajiya kuwa da ta gani sai da ta yi guɗa. Mace ce kakkaura mai dariya da ƙarfi in tana cikin mata, ta karɓi haihuwa ba iyaka a unguwarsu. Ta shimfiɗa dardumarta, ta jera ƙwaryarta da ƙullin kanwa da busasshen ganyen dogon yaro da ta taho da shi, ta ce ta samu ɗaki.

Ibtissam ta haifi 'ya mace cikin Janairu, ana wani sanyi mai shiga ƙashi. Hitar da ke ɗumama cikin motar ta fara gardama, ta kama ta mutu, ga wata 'yar ƙararrawar gargaɗi a jikin bango da ke ƙyalli tana ihu ba dare ba rana. Aka kira Malam Zabeirou. Ya kwance, ya bubbuga, ya hura, hita ta kama. Ƙararrawar kuwa ya sa filaya ya datse wayarta, ya ce tsoron banza ne irin na Nasara, abu kaɗan sai ƙara. Da ya ji Hajiya na kukan iska na shigo mata, ya bi duk wata kafa da ke jikin motar, sama da gefe, ya rufe da leda ya bi da salatif. A cikin wannan akwati Hajiya ke ɗora katuwar tukunya ta tafasa ruwan wanka safe da yamma, don ta ce ruwan zafin famfo ba ya gasa jikin maijego. A nan take dama kunun kanwa, a nan take kwana.

Ranar da na kai mata ƙosai, ban daɗe da zama ba na ji kaina yana sarawa. Harshen wutar murhu ja-ja ne maimakon shuɗi, gilasai duk sun yi gumi. Ita kuma ta tamke goshi da kallabi, idanunta sun kaɗa.

Na ce, "Hajiya, lafiya kuwa?"

Ta ce, "Sanyin ƙasarku ne, 'yata. Kai ne ke ɗan yi mini nauyi, sai jiri in na miƙe."

Na ce, "Ba sanyi ba ne, motar nan ce. Kun faɗa wa Mahamane?"

Ta riƙe baki. "In faɗa wa wa? Yaro ya sayo mini ɗaki sukutum, in buɗe baki in ce ɗakinsa na sa ni ciwo? Ke ma kada in ji, kada in gani. Kuma kada ki tayar wa maijego hankali, nononta zai ɗauke."

Ban ji maganarta ba, na tare Mahamane a ƙofar gida yana sauke kaya. Sai a ranar na gane tun da Hajiya ta tare bai taɓa saka ƙafa cikin motar ba. Yakan tsuguna ne daga nesa da ƙofa ya ce, "Kun tashi lafiya?" in ta yi gyaran murya ya tashi ya tafi. Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Ai Malam ya duba." Na ce Malam makaniken mota ne, wannan kuwa gida ne da gas a ciki. Ya ce, "To." Na san wannan "to" ɗin nasa, ba ya nufin komai sai a rabu da shi lafiya.

Washegari ina yi wa wata Lucia kitso, mijinta na da irin motar. Da na ba ta labari ta juyo da sauri har tsagar ta karkace. Ta ce iskar gubar da wutar gas ke fitarwa ce, ba ta da wari, kashe mutum take yi yana barci. Ta ba ni lambar wani Malachy, wanda ya yi karatun gyaran irin waɗannan motoci yana da takardar shaida, kuma shi ke zuwa har gida da motar aikinsa. Na kira shi da guntun Turancina. Ya ce zai zo Asabar da safe, amma kafin nan kada kowa ya kwana ciki. Na koma wurin Hajiya na roƙe ta, har da kuka, ta bi ni Glenwood ko ta kwana falon 'yarta. Ta ce suna saura kwana kaɗan, ba inda za ta. Abin da na samu kawai ta yarda ta riƙa ɗaga taga, ina juya baya kuma na san za ta rufe.

Asabar ɗin jajibirin suna ce. Maza sun taru a filin gidan ana kafa rumfa, ana dafa shayi, Malam Zabeirou na tsakiya a kan kujera yana ba da umarni. Sai ga farar motar Malachy ta shigo, da rubutu a jikinta da tsani a sama. Ya fito, wani dogo mai jan gashi, riƙe da akwatin kayan aiki da na'urar auna iska. Ya yi gaisuwa ya tambayi ina motar take.

Malam Zabeirou ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce, "Mahamane, wannan fa?"

Na ce, "Ni na kira shi, Malam. Hajiya ba ta da lafiya, kuma motar ce."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Mahamane, ashe aikina bai yi ba? A gaban jama'a za a kawo mini Bature ya gyara hannuna? Madalla. Na gode." Ya miƙe ya kaɗe riga ya nufi motarsa.

Ku zo ku ga taubashina! Ya bi shi da gudu har takalmi na fita, ya riƙe ƙofar motar, ya durƙusa a kan tsakuwa. "Malam, ku yi wa Allah. Wallahi ban san da maganar ba. Ku ne ubana a ƙasar nan." Bai san da maganar ba! Ni da na faɗa masa da bakina, ya ce mini to. Daga nan ya taso ya zo wurin Malachy yana murza hannu, ya ce masa kuskure aka yi, komai lafiya, ya yi haƙuri da wahalar hanya.

Malachy ya ce mota ta mai ita ce, ba zai taɓa ba sai da izini. Amma daga inda yake tsaye yana hango ledar da aka manna, ya nuna ta ya ce ko ba za a bar shi ya duba ba, a cire wancan yanzu, a buɗe tagogi, kuma kada a kwana ciki. Ya maimaita har sau biyu yana kallon Mahamane cikin ido. Mahamane na ta gyaɗa kai yana godiya har ya raka shi bakin titi.

Ni kuwa idona ya rufe. Na jawo kujera na hau, na bi ledar nan ina fizga ina jifa. Na sauko na tsaya a gaban mazan nan na ce, "Mahamane, kai matsoraci ne! Ran tsohuwar nan na hannunka, ka zaɓi fuskar mutum a kansa. Tir da irin wannan kunya! In wani abu ya same ta, wallahi kai ne!"

Kun san abin da suka yi? Dariya. Wani dattijo ya tafa hannu ya ce, "Kai, taubasai ba su da dama! Assibi, ki bar shi ya ga sunan 'yarsa tukuna, kya ci tararsa daga baya." Wani ya ce ai tun suna yara haka take yi masa. Shekara da shekaru ina zaginsa da wasa, ranar da na zage shi da gaske ba wanda ya ji bambanci. Na ce ba wasa nake ba, suka ƙara fashewa. Har Malam Zabeirou sai da ya murmusa ya dawo kujerarsa. Na shiga wurin Ibtissam zan fasa mata komai, na tarar da ita kwance da zazzaɓi, jaririya na tsala kuka, mata sun kewaye ta. Na ja wata babba cikinsu gefe na faɗa mata, ta ce in bari a wuce suna. Na sake leƙa Hajiya na buɗe mata tagogi da hannuna. Na tafi gida ina cewa ko ba komai dai na cire ledar.

Abin da ban sani ba sai daga baya, bayan la'asar Mahamane ya ɗauko sabuwar leda da salatif, ya hau kujerar da na hau, ya mai da komai yadda yake. Ba don Hajiya ta roƙa ba. Don kada Malam ya zo suna da safe ya ga an yage masa aiki.

Ranar suna Hajiya ta tashi tun asuba ta kunna duk bakunan murhu, ruwan wanka a ɗaya, kunu a ɗaya, miyar baƙi a ɗaya, ga hita na aiki, tagogi a rufe. Maza suka yi addu'a a falo aka raɗa wa yarinya suna Aïchatou, sunan kakarta. Mahamane ya je ya tsuguna nesa da ƙofar motar don ya sanar da ita an yi mata takwara. Bai ji gyaran murya ba. Ya ce a ransa kunya ce ta hana ta amsawa, ya tashi. Can ya sake komawa ya yi sallama, shiru. Hannunsa da marfin ƙofar bai fi taku uku ba, amma suruki ba ya buɗe ƙofar surukarsa. Ya koma yana raba goro da dabino.

Na iso da hantsi ɗauke da roba cike da fanke. Mata na cewa Hajiya ba ta kawo ruwan wanka ba, wataƙila gajiya ce. Na saki robar a nan tsakar gida na ruga. Na same ta kife tsakanin gado da murhu, ludayi a hannunta, tukunya ta ƙone ƙurmus. Ban san inda na samu ƙarfin jawo ta ba. Ina ihu ina cewa a kira motar asibiti, maza na tsaye cirko-cirko, wani ma cewa yake a kawo ruwa a yayyafa mata.

Ta farfaɗo a asibiti bayan sun daɗe suna ba ta iska. Har ta gane mu, ta tambayi jaririya, muka yi ta hamdala. Likita ya ce kada mu yi saurin murna, irin wannan gubar takan dawo ta taɓa ƙwaƙwalwa. Haka kuwa aka yi. Kafin arba'in Hajiya ta fara saka takalmi a firij, ta fara tsayawa tsakiyar salla ta rasa inda take. Malam Zabeirou ya zo dubiya ya zauna ya ce, "Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta." Mahamane ya ce, "Haka ne, Malam." A gabana! Na tashi na fita don kada in yi abin da za a kira mini 'yan sanda.

Mahamane da kansa ya kira Malachy daga baya, lokacin da kiran ba shi da sauran amfani. Mutumin ya zo ya kwance hitar, ya nuna masa inda cikinta ya tsage, ya rufe gas ɗin ya tafi. Motar na nan har yau a bayan gida, tayoyi sun sace, ciyawa ta kai mata ƙugu. Na ce ya sayar ko ya kai bola, ya ce to.

Yau shekara huɗu ke nan. Hajiya ba ta koma Damagaram ba, ba mai iya riƙe ta a can, kuma maganinta na nan. Tana ɗaki na biyu a cikin gidan. Mahamane ya bar yankan ciyawa don ya riƙa zama da ita Asabar da Lahadi. Shi ke yanke mata farce, shi ke tura kekenta zuwa shinge ta kalli dawaki, shi ke ba ta abinci a baki in ta ƙi karɓa a hannun kowa. Ya rame, furfura ta cika masa kai tun bai kai ba. Wannan ne mutane ke gani suna cewa ba suruki irinsa. Ni ma ina gani, kuma wani lokaci tausayinsa kan kama ni har in rasa abin faɗa. Amma sai in tuna ranar Sallar bara na gan shi durƙushe yana gaida Malam Zabeirou, yana karɓar masa takalmi, sai abin ya dawo mini sabo. Bai taɓa ce masa uffan ba. Ibtissam ma bai faɗa mata zancen ledar ba, ni ya faɗa wa, don ya san duk zagin da zan yi masa ba wanda zai ɗauka da gaske.

Juma'ar da ta wuce na je gidan da rana. Ƙaramar Aïchatou na tsalle a falo tana waƙar makaranta da Turanci. Mahamane na zaune a ƙasa yana ba Hajiya fura da cokali, Ibtissam na tsaye riƙe da tawul. Hajiya ta yafito ni, ta kama hannuna ta rage murya.

Ta ce, "Yarinya, wannan bawan Allah yana da kirki. Ki tambaye shi ko zai kai ni wurin 'yata. An ce ta haihu, har yanzu ban je ba."

Cokalin ya tsaya a hannun Mahamane. Ibtissam ta durƙusa ta dafa gwiwar uwarta, ta ce, "Inna, ga ni. Ni ce Ibtissam."

Hajiya ta dube ta da kyau, ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙo. Ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ke ma jiran mota kike?"